Karta bakwai bisa tabarma

Saura kwana uku a yi jarrabawar ɗaukar ma'aikata, tambaya guda ta hana ta barci: ga lambobi a jere, a fidda layi mafi tsawo wanda kowace lamba a cikinsa ta fi wadda ta gabace ta. An yarda a tsallake lamba, ba a yarda a sauya mata wuri ba. Ta san hanyar gwada kowane zaɓi, amma lambobi 30 kaɗai zaɓinsu ya zarce miliyar guda.

Mahaifinta, tsohon mushen lissafi, bai taɓa koyon aikin na'ura mai ƙwaƙwalwa ba. Ya ɗauko karta, ya zaro bakwai: 3, 9, 4, 7, 2, 8, 5.

"Ɗiyata, kowace karta ki aza ta bisa tari na farko daga hagu wanda ta samansa ta fi ta. In babu, ki buɗe sabon tari a dama."

Ta aje 3. Ba mai ɗaukar 9, sai ta zauna ita kaɗai. 4 ta hau 9, 7 ta buɗe na uku, 2 ta hau 3, 8 ta buɗe na huɗu, 5 ta hau 7. Tari huɗu, amsa huɗu: 3, 4, 7, 8.

"Baba, ko dai dace ne?"

Ba dace ba ne. Cikin tari guda ƙarama ke hawan babba, don haka layi mai hauhawa ba ya ɗaukar biyu daga wuri ɗaya. Kuma duk kartar da ta sauka a wani tari, akwai ƙaramarta a tarin hagu da ta riga ta zuwa. Sai dai a kiyaye, nan ɗalibai ke zamewa: na saman, 2, 4, 5, 8, ba su ne layin ba, tunda 4 ta riga 2 fitowa.

Saurin kuwa ita ta gano shi. Na saman kullum a jere suke, ana iya neman gurbi ta hanyar raba su biyu-biyu. Lambobi miliyan guda, kwatance kamar miliyan 20 ya isa. Michael Fredman ya yi nazarin wannan lissafi tun 1975.

Tsohon bai san sunan ba. Ya tattara kartarsa, ya ce ta sake rabawa, wannan karon da goma sha uku.