Daga Kumasi Zuwa Salaga A Kan Babur

Jama'a, Salaga ita ce kasuwar Gwanja inda kakanninmu fatake ke sauke jakuna su sayi goron Asante, kafin yaƙin 1892 ya watsa ta. Hanyar da goron ke bi daga Kumasi muka bi a kan babur mai dogayen ƙafafu, Yamaha DT 125, wanda ba ya zaɓen kwalta ko burji.

Mun wuce Mampong da Ejura da Atebubu, muka kwana a Yeji. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 tafkin Volta ya datse hanyar nan, sai jirgin fito ya tsallaka da mu Makango, sannan Salaga.

Lokacin hunturu ne, ƙura kuwa ita ce babbar abokiyar gabar inji. In ta toshe matatar iska, fulogi ya yi baƙi, babur ya shaƙe. In ta haɗu da man sarƙa, sai ta cinye haƙoran ƙarfe. Saboda haka duk inda muka yada zango, kafin mu nemi tuwo, mukan wanke matata da sarƙa da kananzir, mu shafa musu mai, mu duba taya. Faci da famfo da sabon fulogi ba sa barin jakarmu.

Haka madugu ke yi, dabba ta sha ruwa kafin mai ita. Wanda ya ƙi, shi ke kwana a daji yana turin babur. Allah ya kiyaye hanya, amin.