Marai A Bayan Gidan Gwaggona

'Yan'uwana mata, da hutun damina na sami zuwa Magami, garin da ke kudu da Gusau kan hanyar Ɗansadau, don in gai da gwaggona. Ba sai na gaya muku halin hanyar nan ba. Tun da muka bar Gusau ba mai hira a cikin mota, kowa salati yake har muka sauka.

Da asuba hayaniyar marai ta tashe ni. Akwai wata darbejiya a bakin ɗan lambun gwaggo, na tsaya na ƙidaya sheƙa 64 rataye a jikinta kamar 'yan goruna. Namijin shi ne mai ado: jiki rawaya, kai baƙi wuluk, ido ja. Macen kuwa ba ta da wannan kwalliya. In rani ya yi, shi ma sai ya tuɓe ya koma kamarta.

To, ga abin mamaki gare mu masu saƙar faifai da tabarma. Su a wurinsu namiji ke saƙa. Yakan tsago ɗanyen ganye da baki, na ciyawa ko na masara, ya ɗaura zobe a reshe, sa'an nan ya yi ta kewaye shi, ya bar ƙofa ta ƙasa. Yini guda yakan ishe shi. In ya gama sai ya rataya a ƙofar, kai ƙasa, yana kaɗa fiffike yana kira. Macen ta zo ta shiga ta duba. In ya yi mata, ta yi shimfiɗa ta saka ƙwai 2 ko 3. In ko ganyen ya bushe ba wadda ta karɓa, shi da kansa zai wargaje ya sake sabo. Na ce, "Gwaggo, ashe akwai inda a kan tambayi amarya ko ɗaki ya yi mata!"

Har a Haiti, can hayin teku, akwai shi, daga Afirka aka kai shi. Madan Sara suke ce masa, sunan da suke kiran mata 'yan fataucin kasuwa ke nan.

Amma ba kowa ke murna ba. Baba, mijin gwaggo, ya wasa gatari. Da yake gonakin nesa ba su zuwuwa saboda 'yan bindiga, dawar bayan gida ita ce abincin shekara, marai kuwa in ta fara ƙosawa ba su da kunya. Gwaggo ta ce, "Malam, jan-baki ke cinye gona. Waɗannan har fara da tsutsa suke kama wa 'ya'yansu. In ka sare, a wace inuwa zan yi sussuka?" Ni dai na fi karkata wajenta, ko da yake ba ni zan ci dawar ba.

Ran da zan taho an shirya a kan yara su riƙa kora da gwangwani, kafin su tafi makaranta da bayan an tashi. Gatarin kuwa na bar shi jingine a zaure, Baba bai mai da shi ɗaki ba.