Daga duhun Aberdeen zuwa hantsin gida: Hutun Disamba da ciwon damuwar hunturu

Birnin Aberdeen yana arewa maso gabashin Scotland, a bakin teku, tsakanin kogin Dee da kogin Don. 'Yan Najeriya sun daɗe da saninsa, domin shi ne cibiyar harkar man fetur ta Birtaniya, kuma jami'o'insa biyu, ta Aberdeen da ta Robert Gordon, na karɓar ɗalibanmu duk shekara. A 'yan shekarun nan likitoci da ma'aikatan jinya ma sun bi sahu.

An gina tsakiyar garin da wani dutse mai launin toka, wanda in rana ta haska shi sai ya riƙa ƙyalli kamar an barbaɗa masa azurfa. A Disamba kuwa ba a cika ganin ƙyallin ba. Rana kan fito wajen tara saura kwata, ta faɗi kafin uku da rabi. Yinin bai kai awa 7 ba, alhali a Abuja ko Kano ya haura awa 11. Ko da tsakar rana ba ta hawa sama, tsayinta bai wuce inda take kaiwa a nan da bakwai da rabi na safe ba. Azahar, La'asar da Magariba duk sukan shige cikin awa uku da rabi. Wanda ke shiga aiki da sassafe ya tashi da biyar na yamma zai iya yin mako bai sa rana a idonsa ba.

A irin wannan yanayi wasu ke kamuwa da ciwon damuwa mai zuwa da hunturu. Yakan fara wajen Oktoba ko Nuwamba, ya sassauta a Maris ko Afrilu, sannan ya dawo baɗi. Mutum ya yi ta barci amma bai huta ba, ya riƙa kwaɗayin kayan zaƙi da fulawa, ya ƙara ƙiba, karatu ya ƙi shiga, ya daina ɗaukar waya. Ya fi kama mata. Dakta Norman Rosenthal da abokan aikinsa a Amurka ne suka fayyace shi a 1984, kuma shi kansa ya ɗanɗana bayan ya bar Afirka ta Kudu ya koma New York. Jiki yana da agogonsa, hasken safe da ke shiga ido ne ke saita shi kullum. In hasken ya yi ƙaranci, agogon ya kan makara, sinadarin melatonin mai sa barci ya daɗe bai janye ba.

Shi ya sa a gidaje da yawa a can za ka ga wata fitila mai faɗi kamar allo a kan teburin karin kumallo. Ana auna haske da luks. Fitilar ɗaki ba ta cika wuce luks 500 ba, ita kuwa wannan tana ba da 10,000. Ana zama gabanta minti 20 zuwa 30 da zarar an tashi da safe, ido a buɗe amma ba a ƙura mata ba. Da yawa kan ji sauƙi cikin mako ɗaya ko biyu. Mai ciwon ido, da mai larurar nan ta hawa da saukar yanayin zuciya, da mai shan maganin da ke sa jiki rashin jure haske, dole su tambayi likita tukuna. Kuma fitilar ba ta ba da bitamin D. Wannan ƙwaya ce daban, wadda hukumar lafiya ta Birtaniya ke ba masu baƙar fata shawarar sha duk shekara.

Masu hali a Birtaniya kan gudu zuwa tsibiran Kanari ko Gambiya neman rana. Namu kuwa gida suke nufa: Aberdeen zuwa Landan, sannan awa shida da 'yan kai zuwa Abuja. Bambancin agogo awa ɗaya ne kacal, saboda haka barci ba ya rikicewa. Ko hazon hunturu ya rufe gari, hasken tsakar gida ya ninka na falo sau da yawa. Ranar Najeriya na iya maye gurbin fitilar, amma sai an fita an same ta.

A nan iyali ke da aiki. Disamba watan biki ne. Baƙon Turai ya kwana a wajen dina, ya yi barci har azahar a ɗaki mai labule, ya shiga mota mai baƙin gilashi zuwa wani taron. Haka zai yi mako uku a ƙasar rana bai amfana da ita ba. An ce hantsi leƙa gidan kowa, amma ba ya ɗaga labule. A shimfiɗa masa tabarma a waje, ya sha kokonsa da ƙosai a can, ya zauna kamar rabin awa kafin tara na safe, kamar yadda tsofaffi ke shan hantsi. In likita ya ɗora shi a kan magani, kada a ce tunda ya ware ya ajiye. Daina irin wannan magani farat ɗaya na da illa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne komawa. Wanda ya sauka Aberdeen a farkon Janairu zai tarar da duhun kusan yadda ya bar shi, ga kewar gida, ga aljihu ya yi sauƙi, ga jarrabawa ko aikin dare. Rana ba a guzurinta: in an bar haske, alamomin kan dawo cikin 'yan kwanaki. Don haka a kunna fitila tun safiyar farko, a ci gaba har bazara. A riƙa fita da rana ko da gajimare, ko a bakin teku ko a lambun gilashi na Duthie Park, inda akwai ɗumi da haske. In da hali, a nemi ganin likita tun kafin a baro gida.

Mu kuma da ke nan, idan ɗa ko ƙanwa ta yi shiru a Janairu, kada mu ɗauka girman kai ne, kada kuma mu tare ta da "Kina Turai, me kika rasa?" A kira, a tambayi barci da abinci, a tambaya ko ta fita yau. In ta ambaci gajiya da rayuwa, ba maganar a yi haƙuri ba ce: a sa ta kira 111 ko 999 nan take, a kuma nemi wani na kusa da ita ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa.