Harshen Goggo

Duk unguwar an san Goggo da tuwon sayarwa, kuma shekara talatin ba a taɓa ganin ta auna gishiri ba. Sai dai ta ɗiga miya a tafin hannu, ta lasa, ta san abin da ya rage. Harshenta shi ne ma'auninta, shi ne kuma jarinta.

Da ciwon haƙori ya hana ta barci, sai aka kai ta asibiti. Likita ya yi mata allurar kashe zafi can ƙuryar baki, ya cire turmin ƙasa na hagu, ba ta ji komai ba. Irin wannan allura galibi lidokain ce, wadda Nils Löfgren ya haɗa a ƙasar Suwidin a 1943, kuma ƙarfinta kan sake mutum bayan 'yan sa'o'i. Leɓen Goggo ya farfaɗo kafin magariba, amma gefen harshenta na hagu ya ƙi. Zuma ta zama lami a wajen, ruwa kuwa sai ka ce ta tsotsi ƙarfe.

Ta ɓoye abin don kunya. Ran nan miyar kuka ta yi gishiri, kashegari daddawa ta gaza, masu saye suka fara janyewa. Maƙwabta suka ce sammu ne.

Da ta koma, likita ya bayyana mata cewa kusa da inda allura ke shiga akwai wata jijiya mai kai wa ƙwaƙwalwa labarin ɗanɗano daga kashi biyu cikin uku na gaban harshe. Wani lokaci allura kan taɓa ta, ko kumburi ya danne ta. Yawanci takan warke cikin makonni ko watanni, ko da yake akwai ƙalilan da abin kan zauna musu.

Tun daga ranar, sai ta riƙa kiran jikanyarta bakin murhu, ta miƙa mata ludayi ta ce, "Ɗanɗana mini, 'yar nan." Yarinya ta ce, "Da sauran gishiri, Goggo." Da haka ta koyi abin da Goggo ba ta taɓa iya faɗa da baki ba.

Bayan wata biyu, wata safiya Goggo ta kurɓi kunun tsamiya, ta ji tsaminsa ya ratsa harshe duka. Ta yi hamdala. Amma har yau, kafin a sauke tukunya, yarinyar ce ke fara lasawa.