Masu Farautar Tsofaffin Motoci



A nan Kende mu huɗu ne muka ɗora wa kanmu wata ɗabi'a da abokai ke mana dariya a kanta: farautar tsofaffin motoci. Ba saye muke yi ba, ina kuɗin? Ido ne kawai, sai biro da ɗan littafi. Ranar kasuwa mukan tsaya bakin hanya, wani lokacin mu leƙa Bagudo, Ka'oje ko Tsamiya ta bakin iyakar Benin, mu rubuta duk tsohuwar da ta gifta.

Ƙa'idarmu ɗaya ce, sai mota mai rai. Wadda aka jingine kan duwatsu kaji na ƙwai a cikinta ba ta shiga lissafi.

A hankali ido ya waye. Fijo 404 fitilunta zagayayyu ne, giyarta a jikin sitiyari. 504 kuwa idonta mai kusurwa ne. A 1968 ta fito a Faransa, kuma kamfanin PAN da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ya daɗe yana harhaɗa ta. Sai roka, Marsandi 911 mai dunƙulallen hanci da bodin katako, wadda gurnaninta ke riga ta isowa. Mukan rubuta launi, da kayan da ta ɗauko, albasa ne ko shanshera, da abin da aka zana a goshinta, irin su "Mahaƙurci mawadaci".

Ashe ba mu kaɗai ba ne. A Kanada da Amurka akwai masu bin sawun tsofaffin ƙananan ɗakunan kwana da mota ke ja, irin Boler da aka fara ƙerawa a Winnipeg a 1968. Bambancin shi ne nasu na hutu ne, namu na neman tuwo.

Abin da ke damunmu, lissafin raguwa yake yi. Mota na kwanta dama, 'yan gwangwan sun iso da sikeli. Kuma ba ita kaɗai ke tafiya ba, da kalmominta take tafiya. Yara nawa ne yau za su bambance a-kori-kura da kiya-kiya? Wa zai faɗa musu aikin waigi, katakon nan da yaron mota ke dira da gudu ya cusa ƙarƙashin taya a kan hawa?

Mu kuma marubuta, da jarumi ya fito sai mu ce "ya shiga wata dalleliyar mota". Motar ba suna, ba ƙara, ba ƙaurin mai. Alhali wadda ta kai iyayenmu mata gidan aure tana nan a tasha, direbanta ya yi furfura, ba wanda ya taɓa tambayarsa komai.

Don Allah a wannan makon kowa ya nemo tsohuwar mota guda a garinsu. A gaida direban, a zauna a saurare shi, a kawo mana sunan da ake kiranta da shi a can.