Hanyar Turai Ta Kano Ta Bi

Ran wata Laraba, bayan an tashi daga makaranta, wani dattijo ya same ni a gindin dogon yaro ina duba littattafan yara. Muka gaisa, ya tsuguna, ya ce, "Malam, don girman Allah ka gaya mini gaskiya. Ƙwallon nan da ɗanka yake bugawa, sana'a ce ko shashanci?"

Yaron da yake nufi ɗalibina ne, ɗan ajin ƙarshe, kuma duk ƙasar Bagudo na san samun ɗan wasan tsakiya kamarsa sai an tona. Ashe wani mutum ne ya zo daga Kwatano, ya ga wasansa, ya ce zai kai shi Turai in an biya kuɗin fasfo da na jirgi. Dattijon har ya sa shanun nomansa biyu a kasuwa. Ni kuwa, da yake ban san komai game da yadda ake zama ɗan ƙwallo ba, kuma ina jin nauyin in ce ban sani ba, sai na ce, "To Baba, Allah Ya sa alheri." Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma har gobe yana ci mini rai.

Mu mutanen bakin iyaka, tsallakawa Binin ba ta zama mana tafiya ba. Can kawunanmu suke, can muke cin kasuwa, can ake kai amare. Saboda haka da yaron ya bi ta Tsamiya ya faɗa Sagbana, ya wuce Kandi, ya gangara Kwatano, babu wanda gabansa ya faɗi. Bayan wata bakwai sai ga shi ya dawo a bayan motar kaya, ya rame, ba fasfo, ba takalman ƙwallo. Mutumin ya tara su su da yawa a ɗaki ɗaya, wata safiya aka neme shi aka rasa. Shanu sun tafi, jarrabawar fita ta wuce.

Wannan ne ya sa na zauna na bi diddigin rayuwar wani ɗan yankinmu da ya kai inda yaron yake mafarkin kaiwa, wato Shehu Abdullahi. A Sakkwato aka haife shi a 1993, shekara biyu ke nan bayan an cire mana Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, ba ta wata iyaka ya sulale ba. Jos ya fara zuwa, ya buga wa Plateau United, daga nan ya koma Kano Pillars a daidai zamanin da ƙungiyar ta ci gasar Najeriya sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. A nan marigayi Stephen Keshi ya gan shi, ya tafi da shi Afirka ta Kudu a 2014 gasar 'yan wasan da ke bugawa a gida, inda Najeriya ta zo ta uku. Sai bayan an gan shi da rigar ƙasarsa sannan aka neme shi daga waje.

Ko da ya fita ma, ba Ingila ko Sifen ya dira ba, irin waɗanda yaranmu ke raba dare suna kallo a gidajen kallon ƙwallo. Kuwaiti ya fara zuwa, ƙungiyar Qadsia. Daga can sai tsibirin Madeira na Fotugal, sai Anorthosis a Saifurus, sai Bursaspor a Turkiyya a 2018. Ya sake komawa Saifurus, suka ci gasar ƙasar da Omonia a 2021, ya taɓa Levski ta Bulgeriya, sannan a 2023 ya dawo gida Kano Pillars. Mai karatu ya lissafa da kansa: ƙasashe biyar, kowacce da harshenta da abincinta da sanyinta. Cin rani ne sosai, sai dai da takardar yarjejeniya a hannu.

Wani abin lura kuma, Shehu ɗan wasan tsakiya ne, amma a ƙungiyar ƙasa sau da yawa baya ake mai da shi, ɓangaren dama, kuma ya riƙe wurin. Da haka ya je wasannin Olamfik na 2016 a Barazil ƙarƙashin Samson Siasia. Sa'o'i kaɗan kafin wasansu na farko suka sauka a Manaus, amma suka ci Jafan 5 da 4, suka kuma ƙare da lambar tagulla bayan sun doke Honduras 3 da 2. Ita kaɗai ce lambar da Najeriya ta samo a waɗannan wasanni na Olamfik. A 2018 da shi aka fara wasan farko na Kofin Duniya a Rasha, wanda Kuroshiya ta ci mu 2 da nema.

Da na san wannan tarihi a waccan Laraba, da na ce wa dattijon, "Baba, sana'a ce, amma tana da ƙofa. Wanda yake son yaronka da gaske shi zai biya, ba kai ba. A bari ya rubuta jarrabawarsa, ya nemi ƙungiya a nan gida, a gan shi da rana tsaka." Sannu ba ta hana zuwa.

Yaron yanzu kabu-kabu yake yi tsakanin Tsamiya da Sagbana. In ya gan ni a hanya yakan tsaya ya ce, "Malam, hau in rage maka hanya," kuma bai taɓa karɓar kuɗina ba. Ni na san abin da nake ji in na hau.

Don haka nake kira ga 'yan'uwana marubuta. Mun cika kasuwa da labaran soyayya, amma ga yaranmu sun haddace sunayen 'yan wasan Turai, ba su da ko ɗan ƙaramin littafi da Hausa da zai nuna musu ta inda su Shehu Abdullahi da Garba Lawal da Tijjani Babangida suka bi. Macuta kuwa ba su zauna ba. Allah Ya ba mu ikon rubutawa, amin.