Ranar da Ƙugiya Ta Ɓace

Allon madannan kwamfutar da aka saba gani a Malbaza, kamar na sauran garuruwan Nijar, na Faransanci ne. Yana da é da ç, amma babu ɓ, ɗ, ƙ, balle ƴ wanda Nijar ke rubutawa inda Najeriya ke sa 'y. Wani malami mai buga littattafan yaƙi da jahilci a garin ya gaji da kwafo haruffan nan ɗaya bayan ɗaya. Kwamfutarsa Debian take ɗauke da shi, sai ya buɗe fayil ɗin tsarin madannai ya ba kowane harafi mai ƙugiya mazauni. Ya daɗe yana aiki lafiya, har ranar da ya sabunta manhajojinsa, ya wayi gari ƙasa ta koma kasa, ƙafa ta koma kafa.

Abin mamaki shi ne Debian ba ta rasa ladabi a wannan fage ba. Fayilolin saiti da ke cikin /etc tana kula da su ƙwarai. Idan mai kwamfuta kaɗai ya taɓa fayil, a bar masa nasa. Idan mai manhaja kaɗai ya sauya, a sa sabo. Idan kuwa duka biyun sun sa hannu, sai dpkg ya tsaya ya yi tambaya, kuma wanda ba a zaɓa ba ana ajiye shi a gefe da laƙabin .dpkg-old ko .dpkg-dist. Wannan hukunci ne na adalci, domin gyaran mutum gumi ne, sabon fayil kuma wataƙila yana toshe wata kafar ɓarna.

Sai dai tsarin madannai yana zaune ne a /usr/share, yankin da ake ɗauka mallakar manhaja ce zalla. Can ba a tambaya, ba a ajiye tsoho. Wanda ya shata iyakar bai yi kuskure a fasaha ba, amma harshensa ya riga ya samu gurbi a madannai, bai taɓa buƙatar tsallaka ta ba. Bahaushe ne ya wayi gari haruffansa na cikin abin da ake sharewa.

Malamin ya sake aikin, wannan karon a fayil ɗin .XCompose cikin jakarsa ta kansa, inda sabuntawa ba ta shiga. Yanzu ƴ na ɗaukarsa danni uku maimakon ɗaya.